Surukin da Bai Zauna Makoki Ba

Saƙon ya iso ranar Talata da hantsi, Zahara'u tana tsakar gida tana tankaɗen garin gero. Yayanta Isma'il ne ya turo murya daga Alela, ƙauyensu. Ta goge hannu a zane ta danna salula.

"Zara, Baba ya ce in gaya miki gobe Laraba yana shigowa Ƙonni. Ba kasuwa za shi ci ba, gidanku za shi zo. Ya ce sau biyu yana aika ma mijinki kira bai zo ba, to shi zai tako da ƙafarshi. Ya ce kuma ki haɗa kayanki ki aje kusa. Ni dai na isar."

Ta saurara sau biyu, sannan ta kife salular a kan turmi. Shekara biyar da aurenta, mahaifinta Malam Labo bai taɓa leƙa ƙofar gidan nan ba. Ko ya shigo Ƙonni, a bakin kasuwa yake tsayawa ya aiko mata da gaisuwa da ƙullin kuka. Dattijo irinsa ba ya shiga gidan suruki sai abu ya ɓaci.

Ta san abin da ya ɓaci. Wata biyu da suka wuce ƙanen mahaifinta ya rasu. Mijinta Badamasi ya je Alela ranar da aka kai shi, ya durƙusa ya yi gaisuwa, sai ya miƙe ya koma jikin garu ya tsaya. Aka matsa masa wuri a tabarma, bai zauna ba. Aka kawo kujera, ya ce a bar shi. Dattijai na zaune ana addu'a, shi yana tsaye a kansu har la'asar, ya juyo gida. Kwana uku na zaman makoki, surukin Malam Labo bai zauna ko na shan ruwa ba. Duk Alela ta gani.

Abin da Alela ba ta gani ba, Zahara'u kaɗai ta san shi. Shekara guda da rabi ke nan Badamasi ba ya iya zama. Ciwon ya fara masa lokacin da yake jigilar albasa a moto, wato babur, tsakanin Malbaza da Ƙonni. Yana can ƙasa, tsakanin gaba da baya, wurin da namiji ba ya nuna wa kowa. In yana tsaye ko yana kwance ta gefe, da sauƙi. Da ya zauna, sai abin ya fara kamar an ɗiga ruwan barkono, kafin a daɗe ya koma garwashi. Ya bar moto, ya kama awon hatsi a rumfar wani ɗan'uwansa, inda ake wuni a tsaye ba mai tambaya. Sallar jam'i ma a ƙarshen sahu yake yi, ya gincira wajen tahiya, liman na sallamewa ya miƙe.

Ta same shi a ɗaki yana shan koko a tsaye, kafaɗa jingine da bango. Ta kunna masa muryar. Ya saurara har ƙarshe bai ajiye kofin ba.

"Malam, ka bar ni in gaya ma Inna," in ji ta a hankali. "Ita ta san yadda za ta gaya ma Baba."

"Ki gaya mata mi?"

"Ba ka da lafiya."

"Sai ta ce ina ke yi mashi ciwo. Sai ki ce ina?"

Zahara'u ta sunkuyar da kai.

"Kin ga. Kafin azahar mata sun kai shi bakin rijiya. Wasu su ce ciwon sanyi na kwaso a yawon banza. Wasu su ce Badamasi ya tashi daga namiji. Wannan in ya shiga kunnen Baba, kina tsammani zai bar mini ke? Ɗiyarmu Jamila shekararta uku, ba ƙane ba ƙanwa. Da kanshi zai haɗa zancen."

Akwai gaskiya a maganarsa. Ciwon ya shiga har tsakaninsu, su biyu sun sani, ba su taɓa furtawa ba.

"Na aika a kira Na'Allah," ya ce. "Yau za a gama da abin nan."

Na'Allah wanzamin unguwa ne, shi ke yi wa yara kaciya, shi ke cire belu. Tun bara yake cewa ciwon Badamasi basir ne na ciki, aska ɗaya ta ishe shi.

"Amma lokotoron asibiti ya ce kar a sa ƙarfe a wurin."

"Lokotoro! Mako biyar ina haɗiyar ƙwayoyinshi, ban da jiri mi suka ba ni?"

"Barci. Da can kana samun barci?"

Ya yi tsaki ya ajiye kofin.

Ita ta raka shi asibiti wancan karon, bayan sun zagaya masu jiƙe-jiƙe har sun gaji. Aka yi awon fitsari, aka yi na jini, aka ɗauki hoto, ba a ga komai ba. Sai wani lokotoro mai furfura ya sa shi ya faɗi komai dalla-dalla, ya danna wuri guda da yatsa, Badamasi ya yi ƙara. Lokotoron ya ce jijiya ce ta cikin ƙugu ta matsu, ba basir ba ne, ba ciwon sanyi ba ne. Ya ce ba ciwon kisa ba ne, amma ba ya tafiya da sauri. A fara da ƙwaya safe da yamma, wata uku, a nisanci moto da doguwar zama. In ba sauƙi, akwai allura da ake yi wa jijiyar a Yamai. In ita ma ta ƙi, sai a yi zancen aiki, shi ma ba kowa yake warkarwa ba. Badamasi ya fito yana cewa bai taɓa jin mai magani da ba ya alkawari ba. Zahara'u kuwa a ranta abin da ya sa ta yarda da shi ke nan.

Na'Allah ya iso bayan azahar da zabirarsa a kafaɗa. Daga tsakar gida tana jin su a zaure, tana jin karan aska a kan fata, shuu, shuu.

"Uwargida, a ɗora mana ruwan zafi!" ya ɗaga murya.

Ta hura wuta, ta ɗora tukunya. Garin sauri ta zubar da rabin ruwan a murhu, ta sake hurawa. Da ruwan ya tafasa ta juye a bokiti ta kai bakin zaure. Ba ta saba magana da maza ba, ko mai sayar da gawayi sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta tsaya bayan labule riƙe da bokitin, tururi na dukan hannunta.

"Ina wuni, Baba wanzam."

"Lafiya lau, ɗiyata. Aje nan."

Ba ta ajiye ba. "In an yi, kwana nawa kafin ya zauna?"

Na'Allah ya yi dariya. "Zama? Ai mako guda rub da ciki, kamar kadangare a rana. Mako na biyu ya fara dosana gefe. Wata guda ki ga ya hau moto yana tashin kajin unguwa."

Sai ta ji muryar mijinta, ƙasa-ƙasa.

"Gobe ina da baƙo. Dole in zauna gabanshi."

"To ai sai ka zaɓa, ko baƙo ko aska. Ni ban iya yanka mutum yau ya zauna gobe ba, ko Bature bai iya ba."

Daga baya Na'Allah ya mayar da askarsa cikin zabira, ya ce a neme shi ranar Alhamis in an sallami baƙon. Zahara'u ta koma da ruwanta ta juye a randar wanka.

Washegari da safe ta shiga ɗaki ɗauko tabarmar baƙi, ta tarar da shi tsaye bakin taga, tafin hannunsa a buɗe. Ƙwayoyi biyu ne a ciki. Ta gane su tun daga ƙofa. Tramol ne, irin wanda abokinsa Mato ke shigowa da shi daga tsallaken iyaka. Bara Badamasi ya sha shi wata uku. Ciwon ya lafa, shi kuma ya rame, ya koma faɗa da kowa, wata rana ya yanke jiki ya faɗi a rumfa yana karkarwa. Da ƙyar ya rabu da shi.

"Biyu kawai," ya ce, bai dube ta ba. "In na sha, zan zauna har azahar."

"Baba ya san idon mai shan ta. Ɗan maƙwabcinmu ita ta lalata."

"To in yi yaya, Zahara'u? In tsaya a kanshi kuma?"

Ba kasafai yake kiran sunanta ba. Ta rungume tabarmar a ƙirji. Ya daɗe yana duban ƙwayoyin, sannan ya miƙo mata hannu. Ta kwashe su ta kai bayan gida ta jefa a rami.

"Zan zauna haka nan," ya ce da ta dawo. "Ke kuma ko mi kika gani, kar ki buɗe baki. Kin ji ni?"

"Na ji."

Malam Labo ya iso da hantsi, shi kaɗai, da sandarsa da farar rigarsa ta Juma'a. Ya ƙi shiga cikin gida. A zaure aka shimfiɗa masa tabarma. Zahara'u ta kawo ruwa da fura, ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa a taƙaice bai taɓa ƙwaryar ba. Ta koma bayan labule ta tsuguna, Jamila na goye tana barci.

Badamasi ya cire takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Sannan a hankali, kamar mai sauke buhu, ya zauna a kan simintin zaure ya tanƙwashe ƙafa.

"Ashe kana zama," in ji Malam Labo.

Badamasi ya sunkuyar da kai.

Tsohon bai yi sauri ba. Ya fara da ranar da aka zo neman auren Zahara'u, da waɗanda suka nema ya hana, da yadda marigayi ƙanensa ya tsaya wa Badamasi ya ce yaron kirki ne a ba shi. Ta ramin labule Zahara'u tana kallon bayan mijinta. Da farko a miƙe yake. Can sai ta ga ya ɗan karkata hagu, ya dawo, ya dafa ƙasa da hannu ɗaya.

"Mutumin da ya tsaya maka, shi ne ya mutu ka kasa zama a makokinshi. Illo mai raƙuma, da ba danginmu ba ne, daga daji ya zo ya zauna wuni biyu. Kai ka tsaya jikin garu kamar jandarma ya zo kama ɓarawo. Mutane na tambayata, Malam, surukinka ya yi arziki a Ƙonni ne, tabarmar ƙauye ta yi mashi dauɗa? In ce masu mi?"

"Baba, ka yi haƙuri."

"Ba haƙuri na zo nema ba. Dalili na zo ji."

Gumi ya jiƙa wuyan rigar Badamasi, ya gangaro tsakiyar baya. Yatsunsa sun kafe a siminti. Zahara'u ta san inda abin ya kai. Ta sha ganin haka a ɗaki, lokacin da yake cusa gefen matashi a baki don kar maƙwabta su ji.

"Na aika kiranka, ba ka zo ba. Na sake aikawa, ba ka zo ba. Yau na zo, ina magana kana cije baki kana ɗaure mini fuska. Dube ni, Badamasi. Wani abu na yi maka?"

"A'a, Baba."

"Ɗiyata ta yi maka wani abu?"

"A'a."

"To mi ne ne?"

Daga titi ana jin 'yan kabu-kabu suna kiran fasinjan kasuwa. Numfashin Badamasi ya fara fita da ƙarfi ta hanci, kuma ga wanda bai sani ba, numfashin mai fushi ne sak.

Malam Labo ya jawo sandarsa. "Shi ke nan. Wanda ya raina gawarmu ba zai riƙe rayayyenmu da daraja ba. Zahara'u! Ɗauko mayafinki da yarinyar. In yana da magana ya same ni Alela."

Ta miƙe. Ta jira mijinta ya ce wani abu, ko kalma ɗaya. Bai ce ba. Kansa na ƙasa, kafaɗunsa na rawa, ta gane ko yana so ba zai iya buɗe baki ba tare da ihu ya fito ba. In ta yi shiru, yau za ta kwana Alela. In ta yi magana, ta karya umarninsa, kuma wataƙila duk da haka ta kwana Alela.

Ta ɗaga labulen ta shigo. Ba ta iya duban mahaifinta ba, sai ta juya masa baya, ta durƙusa tana fuskantar bango.

"Baba, ba shi da lafiya."

"Zahara'u," in ji Badamasi.

"Ba shi iya zama, Baba. Jijiya ce a ƙugunshi, daga ƙasa. In ya zauna kamar an zaunar da shi a wuta. Abinci a tsaye yake ci. Ranar rasuwar Baba Ƙarami a bayan motar kaya ya je, a tsaye, riƙe da ƙarfe tun daga Ƙonni. Da ya dawo kwana biyu bai fita ba. Kiran da ka yi, ya fita zai hau moto, ya kasa. Ya hana ni faɗi don kunyarka. Yanzu haka da kake ganinshi, don Allah Baba ka ce ya tashi."

Maganar ta ƙare mata a nan. Ta kifa goshi a bango. Jamila ta farka a bayanta ta fara kuka ƙasa-ƙasa.

Ba ta ga fuskar mahaifinta ba. Ta dai ji ya ce, "Tashi."

Badamasi ya yunƙura, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa, ya koma kan gwiwa da hannuwa. Wani sauti ya kuɓuce masa wanda ba ta taɓa jin ya yi a gaban wani ba. Ta juyo za ta kama shi, ta tarar tsohon ya riga ta. Ya saki sanda ya tallafo shi ta hammata, har ya jingina shi da bango. Suka tsaya su biyun suna haki.

"Tun yaushe?"

"Shekara da rabi, Baba."

"Shekara da rabi." Malam Labo ya girgiza kai. "Ka gwammace in ɗauke ka mara mutunci da in ɗauke ka mara lafiya. Kai wane irin wawa ne?"

Badamasi ya share gumi da hannun riga.

"An nemi magani?"

Badamasi ya faɗa masa a gutsure: ƙwayoyin asibiti da jirinsu, allurar Yamai, aikin da ba tabbas, da askar Na'Allah da ke jiran Alhamis. Tsohon ya saurara yana shafa gemu.

"Wanzamin ya ga abin da zai yanka da idonshi?"

"Ya ce yana ciki."

"Hm. Jikinka ne, ban zo zaɓa maka ba. Amma ni ko ƙahon bijimi ban yarda a yanke inda ba a gani ba."

Sai ya juyo wajen 'yarsa. Ta sake sunkuyar da kai, don ta san tambayar da ta rage, kuma ta san ba zai iya yin ta kai tsaye ba.

"Ke kuma. Ciwo irin wannan na daɗewa, kuma yana taɓa gida. Ke yarinya ce. In akwai abin da ya fi ƙarfinki, ga ni tsaye, ba sai kin faɗi dalili ba. Ki ɗauko mayafi kawai."

Badamasi ya rufe ido. Zahara'u ta gyara goyon Jamila.

"Ina da tuwo a wuta, Baba," ta ce. "Ban zuwa ko'ina."

Malam Labo ya dube ta, ya dubi surukinsa. Ya sunkuya ya ɗauki ƙwaryar furar, ya sha a tsaye, ya ajiye.

"Mutanen Alela zan ce masu ciwon baya ne. Sauran ba ruwansu. Kai kuma ka raka ni tasha, in kana iya tafiya."

"Tafiya ina iyawa, Baba."

Badamasi ya sa takalmi da ƙyar. Da ya zo wucewa ta gabanta ya ɗan tsaya, bai dube ta ba.

"Kin faɗa."

"Na faɗa."

Ya yi kamar zai ƙara wani abu, ya fasa, ya bi bayan tsohon. Daga bakin ƙofa ta bi su da kallo. Suna tafiya a hankali a gefen hanya, motoci da kekunan shanu na wuce su, mahaifinta na magana yana nuni da sanda, mijinta na ɗingishi taku ɗaya a bayansa. Ba ta san da wace fuska zai dawo mata ba. Ta naɗe tabarmar, ta shiga ɗaki ta kwance ƙullin kayan da ta haɗa tun jiya, ta mayar da zannuwanta cikin akwati ɗaya bayan ɗaya.